Farantin da Ke Ba da Labari: Tangaran na Italiya da Jeren Ɗakin Bahaushiya



Na sami labari cewa da aka liƙa sanarwar wannan lacca, akwai waɗanda suka tsaya gaban allo suna tambayar juna, shin me ya kai malamin Hausa ga farantan Italiya? Ba su yi laifi ba. Ni ma da an kawo mini wannan magana sa'ad da nake ɗalibi, da cewa zan yi me ya haɗa kifi da kaska. Saboda haka ba da Italiya zan fara ba, zan fara da nan cikin birni, kusa da Kanwuri.

A watan Maris na 1824 wani Bature mai suna Hugh Clapperton ya iso Sakkwato, Waziri Giɗaɗo ya yi masa masauki. A cikin labarin tafiyarsa da aka buga a Landan a 1826, ya ce ana kawo masa abinci daga gidan Sarkin Musulmi Muhammadu Bello a cikin farantan darma masu hatimin Landan, har wata rana aka kawo masa nama a cikin wani farin daro ƙirar Ingila, irin wanda su can wanke hannu suke yi a ciki. Shi abin mamaki ya ɗauki zancen. Ni kuwa abu biyu na gani a ciki. Na farko, shekara 15 kacal da kafa wannan birni, kuma shekara 79 kafin sojan Lugga su shigo shi, irin wannan kaya ya riga ya iso. Na biyu, wanda ya zuba naman nan bai yi kuskure ba. Ya dubi abu fari, mai santsi, mai ƙyalli, wanda babu irinsa a matoyar gari, ya yanke cewa wannan da baƙon sarki ya dace. Abin da maƙerinsa ya nufa da shi a Ingila bai dame shi ba.

To, wannan fari da santsi da ƙyalli, watau abin da muke kira tangaran, yana da tarihi na fiye da shekara dubu, kuma rabin tarihin nan a hannun Musulmi yake.

Tushen maganar ƙasar Sin ce. Mutanen Sin suna da wata farar ƙasa wadda in aka toya ta da wuta mai tsanani, wajen digiri 1,300 a ma'aunin zafi, sai ta narke ta haɗe, ta zama fara fat, in an ƙwanƙwasa ta yi ƙara kamar ƙararrawa. Jiragen ruwa suka riƙa kawo irin waɗannan kwanuka Basra a zamanin Abbasiyawa. Masanin tarihi Baihaƙi ya ba da labarin wani gwamnan Khurasan da ya aika wa Halifa Haruna Rashid, wanda ya yi mulki daga 786 zuwa 809, kwanukan Sin guda 20 irin na fadar sarkinsu, ban da wasu 2,000 na gama-gari. Maginan tukwanen Basra suka ga kasuwa na neman kuɓuce musu, ga shi kuwa yumɓunsu rawaya ne, ba ya kuma jure wannan wuta. Sai suka yi dabara. Suka haɗa ruwan gilashi, watau garin yashi da toka da darma wanda ke narkewa a wuta ya rufe tukunya, suka zuba masa tokar kuza. Kuzar nan ita ce sirrin, domin tana hana ido ratsa gilashin, sai ya fito fari kamar nono, ya ɓoye rawayan yumɓun da ke ƙarƙashi. An haƙo gutsattsarin irin wannan aiki masu yawa a kufan Samarra, wadda ta zama mazaunin halifofi daga 836 zuwa 892.

Sun tashi kwaikwayo, sai suka ƙare da salo nasu na kansu. Farin kwano ai takarda ce. Suka shiga yin rubutu da zane a kansa da shuɗin wani ma'adini mai suna kobal. Suka kuma gano wata dabara ta biyu: a shafa haɗin azurfa da jan ƙarfe a kan kwanon da aka riga aka toya, a mayar da shi tanderu, a toshe iska har hayaƙi ya turnuƙe, in an fito da shi aka goge sai a ga yana walƙiya kamar zinariya. Wasu masana na Turai suna danganta wannan da hadisin da ya hana ci da sha a cikin kwanon zinariya da na azurfa. Akwai ƙanshin gaskiya a maganar, amma ni ban yarda a ɗora mata dukan kayan ba. Attajirin da ba shi da ƙarfin sayen zinariya, mai tsoron Allah ne ko ba shi ba, zai yi marhabin da yumɓun da ke ƙyalli kamar ita.

Daga Iraƙi sana'ar ta koma Masar a zamanin Faɗimiyawa, ta shiga Farisa, ta bi Tunis ta ƙetara Andalus. Ibn Baɗɗuɗa ya ratsa birnin Malaga wajen 1350, ya yabi tangaran mai ruwan zinariya da ake yi a can ana kai shi ƙasashe masu nisa. Ku lura, mutumin nan shi ne bayan shekara biyu ya ƙetare Sahara zuwa Mali, a 1353 kuma ya sauka Takedda, inda ya ambaci jan ƙarfen da ake kaiwa Gobir. Duniyar ba ta kai faɗin da muke zato ba.

Italiya da saye ta fara. A birnin Pisa, a ƙarni na 11 da na 12, magina sun riƙa dasa kwanukan Tunis da Masar da Andalus a jikin bangon majami'u don ado, har yau ana ganin gurabensu a majami'ar San Sisto da ta San Piero a Grado. Duk wanda ya taɓa ɗaga kai a soron wani basarake a ƙasar Hausa, ya ga faranti a manne a tsakiyar daurin guga inda bakan gizo suka haɗu, ba ya bukatar a yi masa bayanin wannan tunani. A ƙarni na 15 manyan gidajen Fulorans suna aikawa garin Manises, kusa da Balansiya, inda maginan Musulmi ke aiki a ƙarƙashin sarakunan Kirista, a yi musu farantai da tambarin gidajensu. Ana jin daga sunan tsibirin Mayorka, inda jiragen ke yada zango, Italiyawa suka sami kalmar da suke kiran wannan kaya da ita, watau mayolika. Kafin ƙarnin ya ƙare sun koyi aikin sarai. Garuruwa irin su Faenza da Deruta da Gubbio da Castel Durante da Urbino suka shahara da shi, har Faransawa suka mai da sunan Faenza ya zama sunan irin wannan tangaran baki ɗaya a harshensu.

Bari in ɗaura wannan zamani da namu, don kada ɗalibai su bar shi yana reto. Zamanin da Turawa ke kira na Farfaɗowa, sa'ad da suka koma suna tonon ilmin Yunanawa da Rumawan da, ya kai ganiyarsa a Italiya tsakanin wajen 1450 da 1550. A lokacin Muhammadu Rumfa ke sarautar Kano, daga 1463 zuwa 1499, Shaihu Magili ya sauka wurinsa. A 1492 Garnaɗa ta faɗi. Ba da jimawa ba Kanta ya ɓalle daga Songhai ya kafa Kabi, ga kufan Surame nan kusa da mu. A 1520 kuma Paparoma Leo na 10 ya yi wa wani kamammen Bafashe mai suna Hasan al-Wazzan wankan shiga Kiristanci, ya ba shi sunansa. Wannan bawan Allah shi ya rubuta littafin bayanin Afirka da aka buga a Banis a 1550, inda Italiyawa suka karanta sunayen Kano da Katsina da Gobir da Zamfara da Zazzau. Watau mutanen da ke cin abinci a farantan da zan kwatanta sun ji labarinmu, ko da a gurguje.

Yadda ake aikin kuwa mun san shi dalla-dalla, albarkacin wani mutumin Castel Durante mai suna Cipriano Piccolpasso, wanda ya rubuta littafi a kan sana'ar wajen 1557, da zane-zanen tanderu da kayan aiki. Rubutun hannunsa yana gidan tarihi na Victoria da Albert a Landan. A wannan gida ne na fara ganin farantan da idona sa'ad da nake karatu, wata ranar sanyi da na shiga don neman ɗumi, ba don neman ilmi ba.

Ana ɗebo yumɓu daga bakin kogi, a tace, a cuɗa, a gina a kan faifan da ake juyawa da ƙafa, a shanya, a toya karo na farko da wutar da ta kai wajen digiri 1,000. Sa'an nan a tsoma faranti cikin ruwan farin. Wannan ruwa haɗi ne na yashi da tokar gurɓin inabi waɗanda aka narkar aka niƙe, da tokar darma da kuza. Kuzar daga Ingila ake sayo ta, shi ya sa take da tsada. In farantin ya bushe, farin nan yana zaune a kansa kamar gari, ko yatsa ka sa sai ya kankare. A kan wannan gari mai zane zai yi aikinsa, kuma a nan gwaninta take. Almajiri in ya yi kuskure a allo sai ya wanke ya sake. Wannan kuwa garin yana shanye launi nan take, kamar ka ɗiga tawada a kan rairayi, abin da hannu ya ja ya jawu ke nan. Bugu da ƙari, launukan ba sa nuna kamanninsu sai sun sha wuta, kafin nan duk sun yi toka-toka, saboda haka mai zanen da zuciya yake ganin abin da zai fito. Launukan ma ba su da yawa: shuɗi daga kobal, kore daga jan ƙarfe, rawaya daga antimoni, ruwan goro daga tsatsar baƙin ƙarfe, shunayya mai duhu daga manganis. Burushin da gashin akuya da na jaki ake yinsa, na layi mai siriri kuma har da gashin bakin ɓera. In an gama a yayyafa wani siririn ruwan gilashi a sama, a sa kowane faranti cikin akwatin yumɓu don kada toka ta taɓa shi, a mayar tanderu. Piccolpasso ya ce ba a kunna wutar sai an yi addu'a, har ma ana duban wata. Wanda ya taɓa zama da masu toyin tukwane a ƙauye ba zai yi wa wannan dariya ba.

Ja shi ne launin da ya gagare su. Shi ya sa wani gwani a Gubbio, Giorgio Andreoli, ya yi suna da arziki, domin ya iya fitar da jan ƙyalli ta hanyar dabarar hayaƙin nan ta Iraƙi. Daga wasu garuruwa ana aiko masa da farantan da aka riga aka zana don ya ƙara musu. Piccolpasso ya ce aikin caca ne, sau da yawa a cikin guda 100 da aka sa a wuta da ƙyar 6 ke fitowa lafiya.

Wajen 1500 zuwa 1520 aka sami sabon yayi, wanda suka kira istoriyato, ma'ana mai labari. Maimakon ganye da fure da tambari, sai mai zane ya ɗauki farantin duka, tun daga tsakiya har baki, ya cika shi da hoton wani labari, ga mutane ga dawaki ga duwatsu ga gajimare, kamar dai zanen bango. Abin da ya kawo wannan injin ɗab'i ne. A 1497 aka buga a Banis fassarar littafin rikiɗe-rikiɗe na mawaƙin Rum Ovid cikin Italiyanci, da hotuna. Wani mai sassaƙa hoto a farantin jan ƙarfe, Marcantonio Raimondi, kuma ya riƙa buga zane-zanen Raphael, shahararren mai zanen nan haifaffen Urbino, ana sayarwa da araha. Mai ginin tukwane da bai taɓa zuwa Rum ba sai ga hotunan Rum a kan teburinsa. Wani daga cikinsu, Francesco Xanto Avelli, wanda ya riƙa sa hannu a aikinsa daga 1530, har gwanin ɗauke-ɗauke ne: ya ciro mutum daga wannan hoto, ya ciro wani daga wancan, ya juya shi, ya sauya masa tufafi, ya mai da shi wani jarumi dabam. Wani lokaci abin ya yi kyau, wani lokaci kuwa sai ka ga mutum ya ɗaga hannu kamar zai sari wani alhali babu kowa a gabansa. Kada nisan ƙasa ya sa mu ɗauka duk abin da ke cikin gilashin gidan tarihi gwaninta ce.

Wanda ya fi su hannu, a ganina, shi ne Nicola na Urbino. A 1524 Eleonora, matar sarkin Urbino, ta sa ya yi wa mahaifiyarta Isabella d'Este ta Mantua jerin farantai, ta aika mata da wasiƙa tana cewa sun dace da gidanta na bayan gari. Fiye da guda 20 sun tsira, suna warwatse a gidajen tarihi na Turai da Amurka, kowanne da tambarin Isabella. Wanda ke Gidan Tarihin Biritaniya yana nuna Apollo ya kashe ƙaton maciji. Na daɗe tsaye a gabansa ina tunanin rijiyar Kusugu.

Labaran farauta suna cikin waɗanda aka fi so, kuma guda biyu sun fi yawo. Na farko na Aktayon ne, saurayi ɗan sarauta, maharbi. Ya yini farauta, da rana ta take ya ware daga abokansa yana yawo cikin kurmi, sai ya faɗa wani tafki inda Diyana, wadda Rumawa suka ɗauka uwargijiyar dawa da namunta, take wanka. Ba leƙe ya je ba, tsautsayi ne. Ta watsa masa ruwa, nan take ƙaho ya tsiro masa, ya rikiɗe ya zama namijin barewa, amma hankalinsa na mutum yana nan. Karnukansa suka hango shi suka bi. Yana so ya kira su da sunayensu, babu baki. Suka yayyage shi, abokansa na tsaye suna kiran sunansa, suna takaicin bai zo ya ga wannan babban kamu ba. Masu zanen sukan kama shi a tsakiyar rikiɗa, kai na barewa, jiki na mutum da takalmansa. Bahaushen da ya tashi da tatsuniyar ɓaunar da ta zama budurwa ta auri maharbi don ta ji asirinsa, ya kuma san dawa tana da masu ita, wannan labari ba baƙo ba ne a kunnensa.

Na biyu na wani ƙaton aladen daji ne da Diyana ta turo ƙasar Kalidon don sarkin ya manta da ita a wajen yanka. Aka yi gayyar jarumai. Wata budurwa, Atalanta, ita ta fara sa masa kibiya, ɗan sarki Meliyaga ya ƙarasa shi, ya ba ta kai da fata. Kawunnansa suka ce ba a yi haka ba, mace ba ta ɗaukar rabon maza. Rikici ya tashi, ya kashe su, uwarsa kuma ta ɗaukar wa 'yan'uwanta fansa a kan ɗan da ta haifa. Duk wanda ya san abin da ke faruwa a farautar gayya in an taru a kan nama ɗaya, wane ya ce shi ya fara harbi, wane ya ce karensa ya kama, 'yan tauri suna zare wuƙaƙe, ya san inda labarin ya dosa tun kafin a kai ƙarshe. A Italiya ta wancan zamani farautar manyan namu ta sarakuna ce. Shi kansa Paparoma Leo na 10 mayen farauta ne. Saboda haka farantin da ke ɗauke da farauta yana faɗin matsayin mai gida ne a fakaice.

Ɗalibi mai lura zai tambaya, yaya aka yi Kiristoci, har da manyan limamansu, suke cin abinci a kan hotunan gumakan arna? Amsar ita ce ba bauta suke yi ba, nuna karatu suke yi. Baƙo ya cinye abin da ke farantinsa, hoto ya bayyana, sai a ga ko zai gane labarin. In ya kasa sai ya juya farantin a ɓoye, domin sau da yawa an rubuta bayanin a baya. Mu ma muna da makamancin wannan. A zaurukan wannan birni an karanta waƙoƙin Jahiliyya, ciki har da ta Imru'ul Ƙaisi mai siffanta doki da farauta, ba don an yarda da rayuwar mawaƙin ba, sai don Larabcinsa. Malam Abdullahi na Gwandu ya sha daga wannan rijiya sosai. Ilmin Yunanawa ma ba baƙo ba ne a nan: da Clapperton ya dawo a 1826, cikin tsarabar da ya kawo wa Muhammadu Bello akwai littafin lissafi na Uƙlidis da Larabci, ya tarar Bello ya riga ya san littafin.

To, mu me ya sa ba mu zana Bayajida ko Barbushe a kasko ba? Dalili ɗaya sananne ne, watau matsayin addini game da surar abu mai rai. Amma akwai na biyu wanda ya shafi fannina: mu a baki muka ajiye labaranmu. Aikin da farantin Urbino ke yi wa basaraken Italiya, maroƙi da makaɗi ke yi wa namu, maharbi kuwa da kirarinsa yake zana kansa. Hannu sai ya tafi ga dagi da layi da kusurwa, a ƙwarya da fata da wuyan riga da bango. Inda aka sami dabbobi a jikin tukunya a arewacin ƙasar nan, kamar kunama da ƙadangare da kifi da hawainiyar da Ladi Kwali ta riƙa zanawa, daga al'adar Gwari suka fito.

Tambayar da ta fi wannan nauyi ita ce ta ruwan gilashi. Kuza muna da ita, mutanen Liruwe suna narkar da ita tun kafin Turawa su san Jos. Darma tana cikin tozalin da mata ke sawa. Yashi da toka ba a maganarsu. Me ya hana? Masu gaggawa za su ce jahilci. Ni kuwa na ce ku je ku tambayi randa. Randa tana sanyaya ruwa ne don jikinta yana tsattsafo, iska na busar da shi tana tafiya da zafin. Ka shafe ta da gilashi ka kashe ta, a watan Afrilu a Sakkwato ruwan zafi za ka sha. Tukunyar tuwo kuma yumɓunta mai tsakuwa-tsakuwa da aka toya a fili da kara da kashin shanu shi ke jure harshen wuta a kan murhu, farantin Urbino kuwa in ka aza shi a nan sai ya tsage. W. E. Nicholson ya rubuta bayanin aikin Adarawa da Zoromawa masu ginin tukwane na wannan birni tun 1929. Michael Cardew, Baturen da gwamnati ta ɗauko a 1950 don ya inganta sana'ar, da ya zagaya ya gani, yabon tukwanen gargajiya ya yi, bai nemi a sauya su ba. Ya kafa makarantar tangaran a Abuja ta da, wadda yanzu ake kira Suleja, inda Ladi Kwali ta shiga a 1954. An buɗe ƙananan rassa a Kano da nan Sakkwato a shekarun 1950, ba su yi tsawon rai ba. A nawa ganin samira ce ta kashe su, don ta fi araha, ta fi sauƙin ɗauka, in ta faɗi kuma ɓantarewa take yi, ba ta fashewa.

Ita samirar mece ce? Ƙarfe ne aka shafe da farin gilashi mai hana ido ratsawa, aka zana fure a kai, aka toya. Watau a tushe dabarar Basra ce, ta sauka daga yumɓu ta hau ƙarfe. Da farko daga Turai da Hong Kong ake kawo ta, daga wajen 1960 kuma masu masana'antu daga Hong Kong suka kafa kamfanoni a Ikeja da Kano. Ta wannan hanya farin nan da aka zuba wa Clapperton nama a ciki ya shiga ɗakin kowace amarya.

A nan ne kuwa muka fi kama da Italiyawan. Su ma suna da wani kanta mai hawa-hawa da suke jera farantai a kai ranar biki don baƙi su gani, da yawa daga farantan ba a taɓa cin komai a cikinsu ba. Suna da kwanon da saurayi ke bai wa budurwa, da hoton mace da sunanta. Suna da jerin kwanuka biyar masu hawa kan juna da ake kai wa mai jego abinci a ciki. Jeren ɗakin Bahaushiya ma ba don girki aka yi shi ba. Ya faro da ƙorai da faya-fayai, ya koma tasoshin tagulla, ya koma samira, fanteka da langa da kumbo an ɗora ƙarami kan babba har rufin ɗaki, daga baya tangaran da gilashi suka shiga kabad. Uwa ke tara shi tun yarinya na talla, da kuɗin adashi da na ƙuli-ƙuli da na kitso. Dukiyar matar ce, miji ba shi da iko da ita. In ta shiga matsi ta sayar da guda biyu, in an rabu ta kwashe abinta, in 'yarta ta isa aure ta rage mata. Matan da suka zo ganin ɗaki kuwa karanta shi suke yi kamar yadda baƙin Isabella ke karanta nata: wannan daga dangin uba, wancan yayin bara ne, wannan uwar ta yi ƙoƙari.

Bambancin shi ne nasu an ajiye, namu ana aunawa a sikeli. Da gwaggona ta rasu, jerenta na aure da ta riƙe fiye da shekara 50, aka fito da shi tsakar gida, aka kira masu sayen tsohon ƙarfe. Ina wurin, da digirina, ban ce uffan ba, domin a lokacin ni ma tarkace na ɗauke shi. Farantan Italiya sun tsira ne don yumɓu ba ya narkuwa ya zama kuɗi, alhali kwanukan azurfar zamaninsu yawanci an narkar da su a lokutan yaƙi. Namu kuwa tagulla tana narkuwa, ƙarfe yana da mai saye, ƙwarya gara ke cinye ta.

Hukumar Tarihi ta Waziri Junaidu da ɗakunan karatun jami'o'inmu sun yi ƙoƙari wajen tattara abin da malamai suka rubuta. Abin da mata suka jera bai sami wannan gata ba, ga shi kuwa yana ɗauke da tarihin ciniki da na aure da na tattalin mata na kusan ƙarni guda. Ma'aikatan da ke nan masu hannu a kasafin ma'aikatar al'adu, sayen jere guda cikakke daga magada bai kai kuɗin tayoyin motar ofis ba. Ku kuwa ɗalibai, in kun je hutu ku shiga ɗakin kaka da littafi. Ku juya kowane kwano ku kwafi hatimin da ke gindinsa, za ku ga wasu an rubuta Cekosulobakiya, ƙasar da ta rabu biyu tun farkon 1993. Ku tambayi sunan da mata ke kiran wannan zane da shi, da shekarar auren, da wanda ya saya, da abin da aka sayar aka saye shi. Kafin ku taɓa komai kuma ku ɗauki hoton jeren yadda yake a tsaye, domin wane kwano ke sama, wane ke ƙasa, wane ke fuskantar ƙofa, ita kaɗai ta san dalili, in an sauke shi ba mai iya mayarwa.